Sabo ko na hannu: abin da mai sayen injin kwale-kwale ya kamata ya duba

Yawancin injinan kwale-kwale na hannu da ake shigowa da su daga Turai na masu jiragen shaƙatawa ne, waɗanda ke amfani da su wata huɗu ko biyar a shekara, sa'annan su jingine su a rumfa har hunturu ya wuce. Dillali zai ce maka injin bai yi aiki ba, kuma gaskiya ya faɗa, sai dai zaman shi ne ciwon. Fetur ɗin da aka bari a kafireto yakan bushe ya zama danƙo ya toshe ƙananan ramukan mai, robar famfon da ke tura ruwan sanyaya injin takan ƙage ta tsattsage, in kuma ruwa ya kwana a gidan giyar injin ya daskare, ƙanƙarar kan kumbura ta tsaga ƙarfen.

Na sayi irin wannan injin da kuɗin da na daɗe ina tarawa, an tayar mini da shi a tudu ya yi ƙara mai daɗi, na biya. Kwana na uku muna tsakiyar ruwa a kan hanyar Yawuri ruwan sanyaya injin da yake tsartowa ta baya ya ɗauke, kan injin ya yi zafin da hannu ba ya taɓuwa. Da bakanike ya kwance ƙafar injin, wato ɓangaren da ke shiga ruwa, fukafukan robar sun karye sun shige hanyar ruwa, man giyar kuma ya fito fari kamar kindirmo.

Shi ya sa duk wanda ya nemi shawarata nake nuna masa sabon Yamaha Enduro, mai ƙarfin doki 40 ga mai ɗaukar kaya da fasinja, ko mai doki 15 ga masunci. Mai doki 40 ɗin fistin biyu gare shi, da igiya ake tayar da shi, babu batir babu kwamfuta, kuma ana gauraya masa mai da fetur a tanki, rabin lita ga lita 25, amma man ya zama mai alamar TC-W3, ba na babur ba. Yana shan fetur, yana hayaƙi, ban musa ba. Amma in ya ƙi tashi bayan dogon zama, matsalar ba ta cika wuce tsohon fetur, ko fulogi, ko kafireto ba, kuma duka ukun ana gyara su a bakin ruwa da sifana da sukundireba. Wanda ya ƙone man kafireton kafin ya ajiye shi, ya jingine shi a tsaye, da wuya ya sha ko wannan wahalar.

Suzuki da Tohatsu injina ne nagari, sai dai a wajenmu kayan gyaransu sai an aika nesa. Masu baƙin mai daban irin na mota suna da tattalin fetur, amma sun fi nauyi, kuma ba kowane bakanike ke taɓa su ba. Na Sin masu araha ban ga dalilin ɗora rayukan fasinja a kansu ba.

Babban abin tsoro shi ne jabu. Akwai injinan da aka kwaikwayi ƙirar Enduro sak, a fesa musu fenti, a manna musu suna, a sayar da su a matsayin na asali. A duba farantin lamba da ke jikin maƙalar injin, a tabbata ba sabon liƙi ba ne, kuma lambar ta yi daidai da ta takarda. A ɗaga murfi a ga ko fenti ya hau kan wayoyi, domin kamfani ba ya yin haka. Wanda ya ce maka injinsa na hannu mai shan gaurayen mai da fetur "sabon fita" ne daga Turai, ka yi hattara, domin tun 2007 dokokin hayaƙi na Tarayyar Turai suka kusan kawar da sababbin irinsa daga kasuwar jiragen shaƙatawa. Wasu kuma sukan zuba sabon man giya da safe don ɓoye ruwan da ke shiga, ko su ɗumama injin kafin ka iso don ya tashi da ja ɗaya. Robar famfo da fulogi ma ana yin jabunsu har da kwali.

In dole sai na hannun, ka zo da bakanikenka, ka taɓa injin ka ji shi da sanyi, a auna matsin fistin biyun kada su bambanta da fiye da kashi 10 cikin 100. Kada ka yarda a tayar da shi a busasshe ko na minti ɗaya, a sa ƙafarsa a durom cike da ruwa, ya yi aiki rabin sa'a, sa'annan a kwance noton giya na ƙasa a gabanka ka ga launin man da zai fito kafin ka ƙirga kuɗi.