Ƙaramar Rediyo Mai Katin Memori Don Sauraron Littafi Mai Tsarki: Abin Da Za A Duba Kafin A Biya Kuɗi A Legas

Duk wanda yake zagaya ɗakunan masu gadi a Ikeja ko Lekki da dare ya san ta. Ƙaramar rediyo ce, ja ko baƙa, girmanta bai wuce sandar sabulun wanki ba, da eriya da 'yar tocila a goshi, da layin lambobi daga 0 zuwa 9 a fuskarta. Ana samunta a Alaba da ke Ojo, da Computer Village na Ikeja, da teburan masu kayan waya a Agege da Mile 12. Kamfanoni da yawa ne ke yin ta, sunan da ke jiki yana canzawa amma cikin kusan ɗaya ne. 'Yan'uwa da ke sujada a sashen Hausa na ikilisiyoyi irin su ECWA da COCIN da EYN suna sayen ta su zuba Littafi Mai Tsarki na murya a kati, don aikin Legas ba ya barin mutum ya zauna da littafi a hannu, wasu kuma karatun Hausar boko bai zauna musu sosai ba.

A ganinmu kwalliya tana biyan kuɗin sabulu, amma da sharaɗi. In an shirya katin da kyau, rediyon nan tana taimaka wa mai neman tuba da biyayya ya koma kan nassi ɗaya sau goma har ya gane abin da ake so ya yi. In an bar katin yadda mai shago ya zuba shi, sai ta zama abin ɗebe kewa kawai, murya tana tashi, mai ita yana gyangyaɗi.

Lambobin da ke fuskarta su ne dalilin sayen ta, saboda haka kada a karɓi wadda ba ta da su. Littafi Mai Tsarki littattafai 66 ne, surori 1,189: Tsohon Alkawari 929, Sabon Alkawari 260. In kowace sura fayil ɗaya ce kuma an jera su daidai daga Farawa zuwa Wahayi, to kowace sura ta sami lambarta ta dindindin. Danna 529, Zabura 51 za ta fito, addu'ar tuban Dawuda. Danna 930, Matiyu 1. Danna 988, Luka 15, inda ɗan da ya ɓace ya tashi ya koma wurin ubansa. Rediyon da ba ta da lambobi sai dai ka yi ta danna "gaba" kusan sau ɗari biyar kafin ka kai Zabura, kuma babu mai yin haka da ƙarfe biyun dare.

A nan ne yawancin katunan kasuwa suke faɗuwa. Da yawa cikin waɗannan rediyoyi ba sa bin sunan fayil, suna bin jerin yadda aka zuba fayilolin ne. In mai kwamfuta ya kwaso duka ya watsa lokaci ɗaya, ko ya fara da waƙoƙi goma sha biyu kafin Farawa, duk lambobin sun goce. Gyaran ba wuya. A yi wa katin fomatin, wato a share shi a sake tsara shi, da tsarin ajiyar fayiloli na FAT32. A sa wa fayilolin suna mai lamba huɗu, 0001 har 1189. A zuba littafi ɗaya, a jira ya gama, sannan na gaba. Kada a haɗa komai a katin, ko waƙa ɗaya. In daga baya aka ga sura ta lalace, kada a goge ta a sake zubawa ita kaɗai, don tana iya komawa wani wuri ta ture jerin. A sake fomatin a fara daga farko.

Ba a bukatar babban kati. Murya zalla da aka matse a kilobit 64 a daƙiƙa (ma'aunin ingancin sauti ne) tana cin kusan megabait 29 a awa ɗaya, wato katin giga 4 zai ɗauki sama da awa 130. Ko an ninka ingancin sautin, giga 8 ya wadatar. Katunan giga 64 zuwa sama suna zuwa da tsarin exFAT, wanda ire-iren waɗannan rediyoyi da yawa ba sa karantawa, sai ka sa kati fuskar ta nuna kamar babu komai. Akwai kuma katin jabu, wanda aka rubuta masa giga 32 alhali cikinsa ƙarami ne ƙwarai. Yana karɓar duk abin da aka zuba ba gardama, amma abin da ya wuce ainihin girmansa ya lalace. Shi ya sa jin Farawa 1 a shago ba gwaji ba ne. Danna 1, danna 600, danna 1189, ka saurari kowanne har minti ɗaya a gaban mai shago.

Sauran gwajin na tsaye ne, minti biyar ya isa. Kunna wata sura, bar ta ta kai tsakiya, kashe rediyon gaba ɗaya, sake kunnawa. Mai kyau za ta ci gaba daga inda ta tsaya. Wata za ta koma farkon surar. Mafi muni za ta koma Farawa 1, wannan a mayar da ita. Nemi madannin maimaita sura ɗaya ka tabbata yana aiki. Rage murya zuwa can ƙasa ka ji ko kalmomin suna fita sarai, don wasu lasifikokin an yi su ne don kiɗa, in an rage sai magana ta dushe. Farashi kuwa yana bin dala, sai a tambayi shago uku kafin a ciro kuɗi.

Batir iri biyu ne. Akwai mai faɗi irin na tsohuwar Nokia, BL-5C, wanda na ainihi ƙarfinsa kusan 1,000 ne a ma'aunin mAh, wato yawan wutar da batir ke ɗauka. Akwai mai kama da gora, 18650, wanda na ƙwarai yake tsakanin 2,000 da 3,500. In ka ga an rubuta 9,900 a jikin 18650, ƙarya ce. Mai gadin da ke kama aiki ƙarfe 7 na yamma ya sauka 7 na safe ya ɗauki mai 18650, ko kuwa ya sayi ƙaramin batir biyu yana musanyawa. Tocilar da ke goshinta tana shan batir fiye da yadda ake zato. A yi caji da caja mai volt 5. Wasu rediyoyin masu sabon ramin caji na USB-C ba sa karɓar wuta daga igiyar da bakinta biyu duk ƙanana ne; kafin a ce rediyo ta mutu a gwada igiya mai babban baki a gefe ɗaya. Batirin da ya kumbura a cire shi nan take, kada a sake sa masa wuta, musamman a ɗakin gadi mai rufin kwano da ke ɗaukar zafi.

Danshin Legas ne babban makashinta. A unguwannin bakin ruwa kamar Ajah da Apapa iska tana ɗauke da gishiri, sai ka leƙa ramin caji ka ga ƙarfen ya fara kore, katin kuma ya riƙa yankewa a tsakiyar aya. A cire katin, a goge 'yan layukan zinariyar da ke bayansa da busasshen ƙyalle, a mayar. Da damina a riƙa ajiye ta a leda mai zif in ba a amfani da ita. Lambobin da ke kan madannai su ma suna gogewa da gumin yatsa. A manna siririn selotef a kansu tun tana sabuwa.

Sai batun fassara, wanda mutane kan manta su tambaya. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fara fitowa a 1932, akwai fassarar 1979 ta Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Nijeriya, wadda babban ofishinta yake Apapa, akwai kuma sababbi bayanta. Wata tana cewa Yahaya, wata Yohanna. Wata Almasihu, wata Kiristi. A nemi muryar da ta yi daidai da littafin da ake karantawa a ikilisiyar mutum, in ba haka ba ayar da ya haddace a bakin ƙofa za ta sha bamban da wadda fasto zai karanta ranar Lahadi. A kuma tambayi inda aka samo muryar. Akwai waɗanda masu su suka yarda a raba kyauta, akwai waɗanda ba su yarda ba, kuma bai dace mai koyon riƙon amana ya fara da kayan da ba a ba shi izini ba.

Wa'azin da masu shago ke ƙarawa kyauta shi ne abin da ya fi damunmu. Galibi ba sunan mai wa'azi, ba nassi, an yanke farko ko ƙarshe. Wasu suna da kyau. Wasu kuwa sun mai da tuba kuka da ɗaga murya, sun mai da nufin Allah a kan mutum ya zama arziki nan da wata uku in ya ba da wani abu. Mutumin da ke zaune shi kaɗai da dare ba shi da wanda zai tambaya ko abin da ya ji daidai ne. Wa'azi ya zauna a kati na biyu, kuma dattijon ikilisiya ko mai bishara ya saurare shi tukuna.

Ga yadda muke ganin ya fi amfani a bi ta. Kada a bar ta tana gudu daga sura zuwa sura har gari ya waye. A ɗauki sura ɗaya a sa maimaici, a zauna da ita mako guda. Don tuba, bayan 529 da 988, a je 976, Luka 3. A can Yahaya Mai Baftisma ya ce a ba da 'ya'yan da suka dace da tuba, mutane suka tambaye shi me za su yi, ya ba kowa amsa daidai da sana'arsa: mai riga biyu ya ba marar ita, mai karɓar haraji kada ya karɓi fiye da abin da aka ƙayyade, soja kada ya ƙwace, kada ya yi ƙazafi, ya gamsu da albashinsa. Ɗan'uwan da ke bariki a Ojo ko Ikeja ba ya bukatar a fassara masa wannan. A 992, Luka 19, Zakka ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, wanda ya zalunta kuma ya mayar masa ninki huɗu. Wanda ya ji wannan sau bakwai a mako zai tuna da canjin cefanen da bai mayar wa uwargida ba, ko man janareta da ya rage ya sayar. A nan rediyon ta gama nata. Zuwa wurin mai kayan a faɗi gaskiya, da tsara yadda za a biya ko da kaɗan-kaɗan ne daga albashi, wannan sai da ƙafa da baki, kuma ya fi sauƙi in an nemi dattijo ya raka mutum.

Don biyayya akwai 251, wato 1 Sama'ila 15, inda Sarki Saul ya bar Agag sarkin Amalekawa da rai da mafi kyawun tumaki da shanu, ya ce don hadaya ne, Sama'ila ya ce masa biyayya ta fi hadaya. A haɗa da 1147, Yakubu 1, mai kwatanta mai ji ba ya aikatawa da wanda ya dubi fuskarsa a madubi ya tafi ya manta kamanninsa. Wannan surar ta fi kowace dacewa da mai rediyo, domin haɗarin na'urar ke nan: mutum ya ji awa shida ya ɗauka ya yi wani abu.

Don hidima da aminci, 1110, Kolosiyawa 3, tana hana aikin ganin ido, tana cewa a yi kowane aiki da zuciya ɗaya kamar ga Ubangiji ake yi. A 954, Matiyu 25, bawan da aka ba talanti biyu ya sami yabo iri ɗaya da wanda aka ba biyar. Wannan magana ce mai sanyaya zuciyar wanda yake ganin buɗe ƙofa da wanke mota ba su kai a kira su nufin Allah ba. Sai 970, Markus 13, inda maigida zai yi tafiya ya ba kowane bawa aikinsa, ya umarci mai tsaron ƙofa ya zauna a faɗake, don bai san ko da yamma maigidan zai dawo ba, ko tsakar dare, ko da carar zakara, ko da safe.

Saboda wannan ayar muke cewa mai gadi kada ya sa abin kunne a bakin aiki, ko da guda ɗaya. Kunnensa ne aka ɗauka aiki. Rediyon ta zauna a kan benci da murya ƙasa-ƙasa, yadda zai ji taɓa ƙofa ko motsi a bayan katanga. In maigidan ya ce ba ya so, a kashe, a saurara bayan an sauka. Direba da ɗan acaɓa su ma haka, a kan titi ba wurin toshe kunne ba ne. Inda kuma ake kwana ɗaki ɗaya da 'yan'uwa Musulmi, kamar yadda yake a gidajen haya da yawa a Agege da Idi-Araba, can ne abin kunne yake da amfani, a kuma rage murya lokacin sallarsu.

Wanda yake da babbar waya da data, kuma yana karatu sosai, manhajar waya ta fi masa, don zai ga aya da idonsa, rediyon kuwa sura kawai take kaiwa, ba ta kai mutum kan aya. Amma ga wanda wayarsa dole ta zauna da caji saboda kiran maigida, ko wanda saƙonnin WhatsApp suke janye masa hankali, ko tsohuwar da idonta ya raunana, rediyon ta fi. Zumuntar mata ko ta matasa da ke son saya wa mutane da yawa su fara da guda ɗaya, su gwada ta mako biyu, su shirya kati ɗaya mai kyau a kwafa wa sauran daga gare shi. A rubuta lambobin surorin a ƙaramar takarda, a rufe ta da selotef a bayan kowace rediyo, amma kada selotef ɗin ya rufe murfin batir.