Ziyarar Alhamra cikin ayari: kuɗi ya halatta, amma gaggawar ta yi yawa

Daga Malaga muka tashi zuwa Garanada a ƙasar Sifen, ni da maigidana, a bas ɗin wani kamfanin yawon buɗe ido, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba. Kuɗin ya haɗa da mota da jagora da tikitin shiga Alhamra, tsohuwar fadar sarakunan Musulmi na Garanada. Abinci kuwa kowa tasa ta fisshe shi.

Tikitin nan shi ne babban amfanin bin kamfani. Fadojin sarakunan Banu Nasar, gidan sarautar da ya gina Alhamra, ba a shigarsu yadda aka ga dama. Kowane tikiti na ɗauke da sunan mai shi da lokacin shigarsa, sai an nuna fasfo a ƙofa, wanda ya makara kuma sai dai haƙuri. Lokacin hutu ma tikitin kan ƙare tun da sauran makonni. Duk wannan kamfanin ya ɗauke mana.

Jagorarmu ta san aikinta. An raba mana 'yar na'urar saƙalawa a kunne, ko kana baya kana jin ta. Ta ɗauko labarin tun daga 1238, lokacin da Muhammadu ɗan Ahmar ya fara ginin, har zuwa Janairun 1492 da sarkin ƙarshe, Abu Abdullahi, wanda Turawa ke kira Boabdil, ya miƙa birnin ga sarakunan Kirista, Fardinan da Isabela. Bayaninta kan ruwa ya fi burge ni: daga kogin Darro aka janyo shi ta magudana, gangare kawai ke tura shi cikin lambuna da tsakar gidaje, ba inji ba famfo.

Sai dai a Farfajiyar Zakuna raina ya sosu. Zakuna 12 na marmara suna ɗauke da kwandon ruwa, ginshiƙai 124 sirara sun kewaye su, aikin zamanin Muhammadu na biyar. Bango kuwa rubutu ne ko'ina. "Wala galiba illallah", taken gidan sarautar, ya maimaitu har ba ya ƙirguwa, ga baitocin mawaƙin fada Ibnu Zamrak a bakin kwandon. Wanda ya yi makarantar allo zai so ya tsaya ya haɗa baƙi, ni ma na fara, har wata tsohuwa 'yar Jamus ta matso tana so in karanta mata. Ban kai ƙarshen layi ba muryar jagora ta shigo kunnena, wai mu matsa, wani ayarin na tafe. Maigidan ya ce, "Hajiya, taho, kada a bar mu." Haka aka kora mu kamar garken da yamma ta yi wa a daji. Amma shagon sayar da akwatunan katako na tsaraba, nan an ba mu lokaci har da ragi!

Na tambaye ta labarin Abu Ishaƙ Sahili, mawaƙin Garanada da Mansa Musa ya haɗu da shi a aikin Hajji a 1324 ya taho da shi Mali, ya rasu a Tambutu. Ba ta taɓa jin sa ba, amma ta rubuta sunan, wannan kam na yaba mata.

Fadar Sarki Shal na biyar, jikan Fardinan da Isabela, wadda aka fara a 1527, leƙawa kawai muka yi, kuma ya isa. Lambun Janaralife, wurin shaƙatawar sarakunan Banu Nasar, shi ne aka zalunta da gaggawa.

Ba a tanadi lokacin salla ba. A ɗan hutun da aka bayar muka hau unguwar Albaisin, inda akwai masallacin da aka buɗe a 2003, daf da dandalin San Nikolas. Daga lambun masallacin ana hango Alhamra gaba ɗaya, duwatsun Siyera Nebada na bayanta. Hawan akwai wuya, hanyar duk tsakuwa ce, mai ciwon gwiwa ya nemi ƙaramar bas. Gidan abincin da aka nuna wa ayari cinyoyin alade ne rataye a ciki, don haka muka gangara layin Kaldereriya wajen 'yan Maroko, muka ci kuskus a tsaitsaye muka ruga tasha.

In da tsoho a tafiyarku, ku nemi ƙaramin ayari, ku kuma kwana a Garanada.