Sebright, Chabo ko Pekin: Wacce Ƙaramar Kazar Ado Ta Dace da Kai?

Duk wanda ya ga kazar Sebright a karon farko, da wuya bai ji sha'awar mallakarta ba, domin kowane gashi a jikinta, ruwan zinariya ne ko fari, yana zagaye da siririn baƙin layi kamar an zana shi da alƙalami. Sir John Sebright ne ya samar da ita a Ingila a farkon ƙarni na 19. Zakaranta bai cika wuce giram 600 da 'yan kai ba, kuma ba shi da dogayen gashin bindi irin na sauran zakaru, gashinsa irin na macen ne sak.

Sai dai kyawun nan yana zuwa da wahala. Ƙwanta ƙanana ne kuma ba ta yin su da yawa, da yawansu ba sa ƙyanƙyasuwa, sannan ba kasafai take kwanci ba, don haka mai son ta hayayyafa sai ya tanadi injin ƙyanƙyasa ko wata kazar da za ta kwanta masa a kansu. 'Yan tsakinta ba su da ƙwari, kuma cutar Marek, wadda ke shanye ƙafafun kaji, tana saurin kama su. Tana kuma tashi sama sosai, saboda haka akurkinta yana buƙatar rufi. A ganina, wanda bai taɓa kiwon kajin ado ba bai kamata ya fara da ita ba.

Chabo ta ƙasar Japan gajerun ƙafafu gare ta, har cikinta yana kusan taɓa ƙasa, bindinta kuwa a miƙe yake tsaye. Abin da ya kamata mai saye ya sani shi ne, idan aka haɗa zakara da kaza masu gajerun ƙafafu, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan tsakin yakan mutu tun cikin ƙwai, saboda gadon da ke gajarta ƙafar shi ne ke kashe wanda ya gaje shi daga iyaye biyu.

Pekin, wadda asalinta ƙasar Sin ne, ta fi su sauƙin hali: tana da sabo da mutane, tana kwanci, kuma tana kula da 'ya'yanta. Matsalarta gashin ƙafa ne, wanda ke kwasar laka da damina, don haka tana son busasshen wuri.

Kowacce ka zaɓa, ka nemi ganin iyayenta, ka tambayi ko an yi mata rigakafin Marek tun ranar da aka ƙyanƙyashe ta, sannan ka ɗaga fiffikenta ka duba ko akwai ƙwarƙwata. Idan Sebright ce, ka buɗe gashin ka tabbata baƙin layin ya zagaye kowanne bai yanke ba, kuma zankon zakaran shimfiɗaɗɗe ne mai tsini ta baya.