Saƙo daga Agege: ƙullun wasa mai ƙamshi don goron Sallar yara

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da maigidan da yara da su Inna. Mu ma nan Agege lafiya lau, sai godiya.

Kin tambayi batun ƙullun wasan nan da makarantun nazare na Legas ke ba yara su murza, ko za a iya yi wa yaran gida shi a haɗa musu da goron Sallah. Za a iya, kuma a ganina ya fi bindigar roba da alewar da ake cika musu hannu da su, domin yaro zai yi makonni yana gina doki da tukunya da haruffan Larabci da na boko da shi. Sai dai ki riƙe abu ɗaya tun farko: awon da ya yi daidai a Legas ba zai yi daidai a Kano ba, saboda iskar garuruwan biyu ba ɗaya ba ce.

Na kanti, wanda ake kira Play-Doh, na kamfanin Hasbro ne na Amurka. Asalinsa abin goge baƙin hayaƙi ne daga bangon ɗaki, sai a 1956 aka mai da shi kayan wasan yara. Manyan kantunan Ikeja da Lekki suna da shi a ƙananan robobi masu giram 112, kuma kuɗinsa dala yake bi. A kasuwannin Idumota da Balogun akwai marar suna mai araha, launinsa gwanin sha'awa, amma sau da yawa ba a rubuta abin da ke cikinsa ba, wani kuma ya bushe tun kafin a buɗe. Abin da ɗan shekara uku zai iya kaiwa baki, gara mu san abin da muka zuba a ciki. Shi kansa na asalin, fulawa da gishiri da ruwa da mai ne ginshiƙinsa.

A nan da derika da robar fenti ake awo a kasuwa, ku kuma da kwano, don haka bari in ba ki da gwangwanin madarar ruwa, wanda duk muka sani. Fulawa gwangwani 2, gishiri gwangwani 1, ruwa gwangwani 2, mai cokalin cin abinci 1 da rabi, sai garin tsami na masu kek da ake kira kirim-of-tata, cokalin shayi 3. Wannan zai ba ki ƙullu kusan giram 700, wato curi shida kwatankwacin robar kanti shida.

Fulawa dai fulawa ce, ta cincin, ba mai haɗe da bekin foda (garin sa kumburi) ba. Jiragen alkama a Apapa suke sauke kaya, manyan injinan niƙa ma suna can, amma hakan bai sa tamu ta fi taku ba. Fulawar awo ta nan takan sha laima a buɗaɗɗen buhu, ta dunƙule, wani lokaci da ƙwari, ta kasuwar Singa ta Kano kuwa a bushe take ƙarau. Kowacce aka samu a tankaɗe. Garin alkama na funkaso yana da dusa, ƙullunsa kaushi gare shi. Semo da garin masara ba su da danƙon da ake so. Gishiri a sami mai laushi na leda. In na buhu ne mai tsakuwa, a daka a tankaɗe, ko a narkar da shi a ruwan zafi tukuna. Man gyaɗa na masu ƙuli-ƙuli, duk da kyansa a miya, ƙamshinsa yana danne duk wani ƙamshi da za ki sa, manja kuma yana ɓata tufafi. Man girki na kwalba marar ƙamshi ya fi. Man kwakwa a wadace yake a nan saboda Badagry, yana kuma ba da nasa ƙamshin, amma da sanyin hunturu yakan daskare, ƙullun ya yi tauri sai ya ɗumama a hannu.

Garin tsamin shi ne inda Legas ta fi Kano sauƙi. Duk shagon kayan kek yana da shi, kuma in aka yi oda ta WhatsApp aka tura kuɗi, mai babur zai kawo har ƙofar gida a ranar. A Kano sai an nemi masu kayan kek a Sabon Gari ko manyan kantuna. Aikinsa biyu ne: yana sa ƙullu ya yi sulɓi ya miƙe ba tare da tsinkewa ba, kuma tsaminsa yana taya gishiri hana lalacewa. Ya kamata ki san daga inda yake fitowa: daga dasƙararren abin da ke kwantawa a gangar giyar inabi ake tace shi. Ba ya bugarwa, ba kuma ci za a yi ba, amma wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba yana da mafita. Ruwan lemon tsami cokalin cin abinci 3 zai maye gurbinsa, sai a rage ruwa daidai wannan adadin. Tsamiya ma irin wannan sinadarin tsamin ne a cikinta. A jiƙa dunƙule ɗaya mai girman ƙwai a ruwan zafi na rabin awa, a tace da ƙyalle, a sa rabin gwangwani a madadin rabin gwangwanin ruwa. Illarta ita ce tana dusashe farin ƙullu, don haka ta fi dacewa da ja da rawaya da ruwan ƙasa, kuma da yake tana da ɗan zaƙi, ƙullunta ba ya daɗewa kamar na garin kanti.

Yadda ake dafawa: a zuba fulawa da gishiri da garin tsami a tukunya tun ba a ɗora ba, a gauraya. A zuba ruwa da mai, a dama har gudaji su mutu. Sannan a ɗora a wuta ƙasa-ƙasa, ana tuƙawa da muciya ba tsayawa, kamar tuwo. Cikin minti 3 zuwa 5 zai fara kauri daga ƙasa, ya bar gefen tukunya, ya haɗe wuri ɗaya. Alamar nuna ita ce ƙyallin jiƙa ya ɓace, kuma in kin tsinki kaɗan kin murza tsakanin yatsu ba ya mannewa. A juye a faranti, a bar shi ya huce yadda hannu zai iya, a cuɗa na minti 5. Gas ya fi sauƙin sarrafawa. In gawayi ne, a bari ya ci ya lafa, a rage garwashin, in ba haka ba ƙasan zai ƙone saman yana ɗanye. Tukunyar da ba ta kamu ta fi. In ta alminiyam ce a wanke nan take, domin gishiri da tsami suna cin ta.

Yanzu batun iska. Gishiri yana fara jan ruwa daga iska da zarar laima ta haura kashi 75 cikin 100, kuma Legas mafi yawan shekara a nan take ko sama da haka. Shi ya sa ƙullun da aka bari a buɗe a nan yake yin gumi, ya wayi gari yana manne wa hannu da tabarma. Mu sai mu rage ruwa cokali 2, mu ƙara minti ɗaya a wuta, mu ajiye ɗan garin fulawa a gefe don barbaɗawa. Ku kuwa da hunturu da bazara laimarku takan sauka ƙasa da kashi 25, sai ruwan ƙullun ya gudu, gishirin ya fito fari-fari a sama, gefe ya tsattsage. Don haka ki zuba ruwanki cif, ki ƙara rabin cokalin mai, ko gilisarin na kemis cokalin shayi 1, wanda ke riƙe danshi. Gilisarin ɗin nan a Legas ɓarna yake yi, ƙara danƙo kawai yake. Da yake Sallah tana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, lokacin za ki duba. In ta faɗo tsakiyar damina, ki bi awon Legas.

Kalar kanti da ƙamshi bayan an sauke ake sa su, domin zafi yana korar ƙamshi. A raba ƙullun shida, a yi rami a tsakiyar kowane curi, a ɗiga kalar abinci ɗigo 5 zuwa 8 da filebo rabin cokalin shayi, a sa leda a hannu a cuɗa har launin ya game. In kalar gari ce, a narkar da ɗan kaɗan a cokalin ruwa tukuna, in ba haka ba za ta yi ɗigo-ɗigo. A nan filebo iri-iri ne, banila da ayaba da kwakwa da sitiroberi da abarba. Wasu na saye a kasuwar sinadarai ta Ojota, inda ake ɗura shi a kwalabe marasa takarda kusa da turaren sabulu, kuma warin su biyun kusan ɗaya ne. Na yara a tsaya ga na abinci mai lambar NAFDAC.

Ta fannin launi da ƙamshi na gargajiya ku kuka fi mu, don abin da muke nema a kasuwar Mile 12 wajen 'yan uwanmu daga wajenku yake zuwa. Ruwan zoɓo mai kauri, ba sukari, in aka sa shi a madadin ruwan dahuwa yana ba da ja mai kyau, tsamin da ke ƙullun kuma yana tsayar da launin. Kanwa kada ta kusance shi, za ta mai da shi shuɗi-baƙi. Kurkum rabin cokalin shayi ya isa curi ya zama rawaya, sai dai yana kama farin yadi, a kula da kayan Sallah. Garin koko na yin cakulan cokali 1 yana ba da ruwan ƙasa da ƙamshin cakulan. Garin kirfa na Kasuwar Kurmi cokalin shayi 1, ko gogaggen ɓawon lemon zaƙi da aka shanya aka daka, ƙamshinsu ya fi na kwalba daɗewa. Kore da shuɗi dai sai kalar kanti, domin garin zogale yana dusashewa. Galurar rini da lalle ba wurinsu ba ne nan. Haka humra da madarar turare da kafur da man zafi na mura: na jikin manya ne, suna iya ƙona fatar yaro da idonsa, kafur kuma guba ne in an haɗiya. A Amurka da garin lemon Kool-Aid marar sukari suke samun launi da ƙamshi lokaci ɗaya. Namu na leda yawanci da zaƙi a ciki, yana kiran tururuwa, yana kuma sa yaro ya ci.

In ƙullu ya fito yana danƙo, bai nuna ba, a mayar da shi wuta minti ɗaya ko biyu, ya fi a yi ta ƙara ɗanyen gari. In yana marmashewa, ya wuce wuta ko ruwa ya yi kaɗan, a jiƙa hannu a cuɗa, a ɗiga mai. Farin ɓawon gishiri ma haka ake gyara shi. In fumfuna ta fito ko ya fara tsami-tsamin wari, a zubar. Abin da ke jawo ta shi ne rufe shi da ɗumi har tururi ya taru a murfi, ko ɗanyen ruwan 'ya'yan itace, ko hannun yaro mai maiƙon nama. Wanda aka yi da kyau aka rufe ruf yakan yi wata biyu zuwa uku, na tsamiya da zoɓo ƙasa da haka.

Wannan kuma ina roƙonki ki faɗa wa duk uwar da za a ba ɗanta. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin ƙullun gishiri ne, kuma gishiri mai yawa yana iya yi wa ƙaramin yaro illa mai tsanani. Wanda bai kai shekara biyu ba kada a ba shi. 'Yan biyu zuwa huɗu su yi wasa a gaban babba, kuma a ba su mai ƙamshin kirfa ko lemo, a bar na cakulan da sitiroberi ga waɗanda suka yi wayo. In yaro ya lasa, a ba shi ruwa. In ya haɗiyi da yawa, ko ya fara amai, ko ƙishirwa mai tsanani, ko jikinsa ya saki, a tafi asibiti nan take, kada a sa shi amai da ƙarfi. Mai ƙuraje ko yanka a hannu zai ji zafin gishirin, wanda alkama ba ta karɓe shi ba kuma a bar shi. Ragowar kada a watsa wa kaji da awaki. Farin ƙullun ba shi da bambanci da kwaɓin cincin a ido, don haka a yi shi kwana uku ko huɗu kafin Sallah, kafin a shiga hidimar soye-soye.

Ƙananan robobi masu murfi, irin na zuba miya a gidan abinci, suna da araha a nan ana sayar da su dozin-dozin. A sa curin a ledar da ake zugewa, a matse iskar, sannan a sa a roba, a manna takarda a rubuta "Na wasa ne, ba a ci" da ranar da aka yi. A haɗa wa kowane yaro kala biyu ko uku, da murfin kwalbar ruwa babba na yanka da'ira, da guntun sanda mai santsi na murzawa. Banda duwatsun ado da maɓallai.

Dafaffen ƙullu ba zan aiko ba, domin tafiyar kusan kilomita 1,000 ce a bayan mota mai zafi, zai yi gumi a leda ya iso a jiƙe. Zan ba direban da ke ɗaukar mana saƙo garin tsami, da kala kore da shuɗi, da filebo uku da na naɗe bakinsu da salatif, da robobi dozin uku. Fulawa da gishiri da zoɓo da kirfa ki saya a can. In motar za ta juyo, a sako mana tsamiya da kirfa. A gaida su Inna da kyau.

Ƙanwarki, daga Agege.