Scientific American ko wata? Zaɓen mujallar kimiyya ga wanda ba masani ba

Wanda ya rabu da darasin kimiyya tun sakandare, amma har gobe yana son sanin yadda taurari ke mutuwa ko yadda rigakafi ke aiki a jiki, da wuya ya nemi shawarar mujallar da zai riƙa karantawa a ƙi ambata masa Scientific American. Sunanta ya kai ko'ina, kuma ba a banza ba. Tun 1845 take fitowa a Amurka, babu wata mujalla a ƙasar da ta kai ta daɗewa ba tare da yankewa ba. Sai dai kafin mutum ya biya kuɗin shekara guda, ya kamata ya tambayi kansa ko da irinsa ake magana a cikinta. A ganina da shi ake, amma da sharaɗi: sai in yana da haƙurin zama da maƙala ɗaya na kusan awa guda, yana komawa baya in ya ɓata. Wanda ba shi da wannan haƙurin a yanzu, akwai waɗanda suka fi dacewa da shi, wasu ma kyauta ne.

Abin da ya bambanta Scientific American ya samo asali ne daga 1948, lokacin da Gerard Piel da Dennis Flanagan da abokansu suka karɓe ta suka sauya mata fasali. Tsarinsu shi ne masanin da ya yi binciken da hannunsa shi zai rubuta labarinsa, editoci kuma su zauna su warware maganar har wanda ba fanninsa ba ne ya iya bi. Albert Einstein da kansa ya rubuta mata maƙala a 1950, kuma masu lambar yabo ta Nobel da dama sun bi sahu. Martin Gardner ya shafe kimanin shekara 25 yana gabatar da filin wasannin lissafi a cikinta, har 1981, filin da ya jawo matasa masu yawa suka zama masana lissafi. Yau 'yan jarida na rubuta wani kaso na manyan maƙalunta, amma wancan ruhin bai gushe ba.

Amfanin wannan tsari a fili yake. Wanda ya yi shekara goma yana fama da tambaya ɗaya ya san inda gizo ke saƙar, zai gaya maka hanyoyin da aka bi suka toshe kafin a dace, kuma wannan shi ne ainihin daɗin kimiyya. Zane-zanen mujallar ma aji ne na kansu. Sau da yawa zane ɗaya kan warware abin da sakin layi huɗu suka kasa. Amma akwai abu biyu da mai saye zai sani. Na farko, masani yakan ɗauka ka san wasu abubuwa da ba ka sani ba. Maƙala kan ƙwayoyin halitta za ta fara da sauƙi, kafin ka ankara ta shiga sunayen sinadarai tana tafiya ba waiwaye. Na biyu ya fi muhimmanci a wurina: mai bincike ba alƙalin aikinsa ba ne. In yana ba da labarin ra'ayin da ya ƙare rayuwarsa yana karewa, ba lallai ya ba abokan hamayyarsa filin da ya kamace su ba, kai kuwa da ba ka san fagen ba, ba za ka gane an bar wani abu a waje ba.

Akwai kuma batun shafukan ra'ayi. A 2020 mujallar ta fito ta goyi bayan Joe Biden a zaɓen shugaban Amurka, karo na farko da ta yi haka a shekara 175, ta kuma sake goyon bayan 'yar takarar jam'iyyarsa a 2024. Wasu masu karatu sun yaba, wasu sun ce ta bar hurumin da aka san ta da shi. Ko wane ɓangare ka tsaya, ka sani cewa siyasar Amurka da tsarin lafiyarta na cin shafuka a ciki, kuma wanda ke wata ƙasa zai iya jin ba da shi ake ba.

Kada a rikita ta da American Scientist, wata mujalla ce daban ta ƙungiyar masana ta Sigma Xi, mai fitowa duk wata biyu, kuma ta ɗan fi ta tsauri. Kada kuma kwaɗayin suna ya kai ka ga Nature ko Science. Waɗannan biyun, ta farko daga Landan tun 1869, ta biyu daga Amurka tun 1880, nan ne masana ke buga sakamakon bincikensu don 'yan'uwansu masana. A Nature ne James Watson da Francis Crick suka buga bayanin siffar DNA, sinadarin da ke ɗauke da gadon halitta, a 1953, cikin rubutun da bai wuce shafi guda da kaɗan ba. Shafukan farko na mujallun biyu labarai ne masu kyau da kowa zai iya karantawa, ana kuma samun wasunsu kyauta a intanet, amma sauran shafukan ko farfesa kan tsallake su in ba fanninsa ba ne. Biyan kuɗinsu asara ce ga mai karatun sha'awa.

Babbar kishiyar Scientific American ita ce New Scientist ta Ingila, wadda ta fara a 1956 kuma take fitowa duk mako. 'Yan jarida ne ke rubuta mafi yawanta, da damansu sun karanci kimiyya kafin su ɗauki alƙalami. Labaranta gajeru ne, harshenta sassauƙa, kuma tana leƙa ko'ina: lafiya, yanayi, sararin samaniya, kwamfuta, halayyar ɗan'adam. A bayanta akwai filin da masu karatu ke aiko da tambayoyi kan abubuwan yau da kullum, wasu masu karatun su amsa, kuma ina ganin babu hanyar da ta fi wannan koya wa mutum tunani irin na masu kimiyya. In abin da kake so shi ne kada wani babban abu ya faru a duniyar bincike ba ka ji ba, ita ce taka.

Aibinta yana bangonta. Mujallar da dole ta ja ido kowane mako takan faɗa jarabar yin kanun da ya fi labarin girma. A watan Janairun 2009 ta fito da bango mai cewa Charles Darwin, mai ka'idar yadda halittu ke sauyawa daga zuriya zuwa zuriya, ya yi kuskure, alhali maƙalar ciki magana take a kan abu mai iyaka, wato yadda ƙananan halittu ke musayar ƙwayoyin gado a tsakaninsu har siffar bishiyar zuriya ba ta isa ta bayyana dangantakarsu ba. Manyan masana ilimin halittu sun yi tir da bangon. Mai karatun New Scientist sai ya saba da wannan: in bango ya ce an kusa rushe duk abin da aka sani game da lokaci ko sararin samaniya, ya shiga ciki ya nemi sakin layin da wani masani ke cewa a dakata tukuna. Yawanci yana nan. Sannan ka auna lokacinka da gaske, domin fitowar mako-mako ba ta jiran kowa.

Ga wanda yau ya fara, wadda na fi yarda da ita ita ce Science News. Ba ta da kwarjinin Scientific American da New Scientist, shi ya sa ba a cika ambatonta ba. Wata ƙungiya ce mai zaman kanta da ba ta neman riba ke buga ta a Washington tun farkon shekarun 1920. Salonta ba ado: ga abin da aka gano, ga yadda aka gano shi, ga mujallar masana da ta buga shi, ga abin da wani masanin da ba ya cikin aikin ya ce. A ƙarshen labaranta na intanet takan nuna takardar binciken ta asali. Ba za ta sa tsikar jikinka ta tashi ba, amma bayan shekara guda da ita za ka iya bambanta binciken da aka yi a kan ɓeraye goma da wanda aka yi a kan mutum dubu goma, kuma wannan ilimin ya fi haddace sunayen taurari amfani. Tana da ƙanwa don yara da matasa, Science News Explores, wadda babba ma ba zai ji kunyar karantawa ba.

National Geographic mai bangon nan na rawaya, tun 1888, lissafinta daban. Hotunanta babu na biyunsu, kuma a gidan da akwai yara ita ce za a fi buɗewa. Namun daji, teku, tsofaffin garuruwan da aka tono, rayuwar al'ummomi, nan ƙarfinta yake; lissafi da fiziks kuwa sai jefi-jefi. Tun 2019 kamfanin Disney ke riƙe da kaso mafi girma na harkar, kuma a 2023 ta sallami sauran marubutanta na dindindin ta koma dogaro da masu zaman kansu. BBC Science Focus ta fi kowace sauƙi, da tambaya da amsa da hotuna masu launi, ta dace da matashi ko wanda Turancinsa bai gama nuna ba. Popular Mechanics ta masu son injuna da ƙere-ƙere ce. Popular Science kuwa, duk da ta faro tun 1872, ta daina fitowa a takarda a 2021, a 2023 kuma ta daina fitowa a matsayin mujalla gaba ɗaya, shafin intanet ya rage. Wannan kaɗai ya isa ya sa ka bincika ko mujallar da ka sani shekarun baya tana nan yadda ka bar ta.

Kafin ka fitar da ko sisi, leƙa Quanta. Kyauta ce a intanet, gidauniyar Simons ke ɗaukar nauyinta, kuma ta taƙaita ga lissafi, fiziks, ilimin halittu da kimiyyar kwamfuta. A 2022 ta ci lambar Pulitzer, babbar lambar yabon aikin jarida a Amurka, saboda dogon bayanin da Natalie Wolchover ta rubuta kan madubin hangen nesa na James Webb, wanda aka harba a ranar 25 ga Disamba 2021. Rubutunta yana da kyau ƙwarai, amma ba ta ragi: takan ɗauki matsalar lissafi da ta gagari masana shekaru ta bi da kai mataki-mataki. Ka karanta maƙalarta biyu. In ka kai ƙarshe kana jin daɗi ko da ba ka gane komai da komai ba, Scientific American ba za ta ba ka wuya ba. In ka gaji a tsakiya, fara da Science News ko New Scientist, babu abin kunya a ciki. Knowable ma kyauta ce, kuma ta fi Quanta sauƙi.

Harshe ma abin dubawa ne, domin fama da baƙon ilimi da baƙon harshe a lokaci guda yana kashe gwiwa. Wanda Faransanci ya fi zauna masa yana da Science & Vie tun 1913, mai sauƙi da hotuna, da Sciences et Avenir, sai Pour la Science wadda ita ce 'yar'uwar Scientific American a Faransa tun 1977. A Jamus akwai Spektrum der Wissenschaft. A Kuwait ma an fara fitar da Scientific American da Larabci a 1986 da sunan Majallatul Ulum.

Duk wadda ka kusa tsayawa a kanta, akwai gwajin da nake ganin ya fi duba bango da ƙirga shafuka. Ka shiga rumbunta na intanet ka nemi labarin da ya girgiza duniya daga baya ya rushe, ka ga yadda ta ɗauke shi. A watan Satumbar 2011 masu wani gwajin fiziks mai suna OPERA suka sanar cewa wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira nutirino, da aka turo daga cibiyar binciken fiziks ta CERN da ke kusa da Geneva zuwa Gran Sasso a Italiya, tafiyar kusan kilomita 730, sun iso kafin lokacin da haske zai iso da kimanin kashi 60 cikin biliyan na daƙiƙa. Da ya tabbata, da ka'idar Einstein, mai cewa babu abin da ya fi haske gudu, ta shiga uku. A 2012 aka gano cewa wata wayar da ke kai saƙo da haske a na'urar auna lokacin ce ba ta ɗauru da kyau ba. Haka a Yulin 2023 wasu masu bincike a Koriya ta Kudu suka ce sun haɗa wani sinadari, LK-99, mai wuce da lantarki ba tare da wata tirjiya ba a zafin ɗaki, cikin makonni sauran ɗakunan gwaji suka nuna ba haka ba ne. Abin da za ka duba shi ne ko a labarin farko mujallar ta faɗi cewa ba a tabbatar ba tukuna, ko ta ji ta bakin masu shakka, sannan ko ta dawo ta ba da labarin rushewar da irin girman da ta ba wa sanarwar. Ka ƙara da karanta maƙala ɗaya a fannin da ka sani sosai, aikinka ne ko karatunka. In ta yi sakaci a inda kake iya kama ta, ba ka da dalilin amincewa da ita a inda ba ka iyawa.

Saura takarda ko waya. Ga Scientific American da National Geographic takarda ta fi, saboda zanen da ya cinye shafi biyu ba ya karantuwa a fuskar waya. Ga labaran mako-mako kuwa intanet ta wadatar, musamman in aikowa daga wata ƙasa zai sa fitowar ta iso bayan labarin ya tsufa. Ka duba ko rajistar ta haɗa da tsofaffin fitowa, domin rumbun Scientific American na komawa har 1845 kuma ba kowane tsarin biya ke buɗe shi ba. Rangwamen da ake yi wa sabon mai rajista yawanci na zangon farko ne kawai, daga nan kuɗin ya koma cikakke kuma a riƙa cira daga katinka ba tare da an sake tambayarka ba, don haka ka rubuta ranar sabuntawa a inda za ka gan ta tun ranar da ka biya.