Rigar amaryar Japan: ɗinkin hannu ko na keke?

Tun da na fara ɗinka kimono, rigar gargajiyar Japan, a gida, tambaya ɗaya ake ta yi mini: uchikake, wato babbar rigar da amaryar Japan ke yafawa, da hannu ake ɗinka ta ko da keke?

Keke ya fi sauri, ba musu. Faɗin yadin bai kai santimita 40 ba, kuma kusan duk ɗinkin miƙaƙƙe ne. Sai dai siliki ba ya ɓoye kuskure. Na taɓa warware layi guda na keke, ramukan allura suka fito reras, har yau ina jin zafin yadin nan.

Ɗinkin hannu kuwa yana cin makonni, yatsa har ya yi kanta. Amma ba ya tattare yadi, kuma gefen ƙasan nan mai cushe da auduga, wanda ke jan ƙasa bayan amarya, ya fi zama daram da hannu. Ya kuma fi sauƙin warwarewa: a al'adar Japan akan warware kimono a wanke, a sake haɗawa, shi ya sa riga kan kai ga jika.

Mai yadin roba da biki ya matso, keke ya ishe ta. Wadda ta kashe kuɗi a siliki, tana son 'yarta ta gada, ta ɗauki allura.