Famfon ciki ko na waje? Amsa ga mai MF 375 da hannunta ya yi sanyi

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa a gama aikin gona lafiya.

Ka ce hannun baya na taraktarka Massey Ferguson (MF) 375 yana kasa ɗaga haro da zarar mai ya yi zafi, kana kuma son ta riƙa juye tirela, sai makanikenka ya ce a manta da famfon ciki a ɗaura na waje a gaban inji. Duka biyun na kashe musu kuɗina. Ka gyara na cikin. Na wajen ka ajiye maganarsa sai ranar da ka sayi cokalin loda.

Famfon ciki, wanda ake kira famfon Ferguson, yana zaune ne a tumbin tarakta, ƙarƙashin kujerar direba, nutse cikin man giya, da fistin huɗu, sandar PTO, wadda ke kai juyin inji zuwa bayan tarakta, ita ke juya shi. Ba mai gaggawa ba ne, lita 16 zuwa 17 yake turawa a minti, amma ƙarfin matsinsa ya ɗan haura 200 a ma'aunin matsi na bar, kuma a takardar 375 an rubuta cewa hannun yana ɗaga kilo 2,145. Haron da muke ja a nan bai kai nan ba. Saboda haka in ta kasa ɗagawa, ba ƙanƙantar famfo ba ce, mai ne yake zurarewa a wani wuri.

Ni a kan MF 165 ta mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, na koyi wannan. 'Yar Ingila ce, daga hannu na biyu ya saye ta, ta girme ni nesa ba kusa ba. Wata shekara muna gyaran ƙasar alkama a Kadawa, hannun ya kama shaƙuwa: ya ɗaga garma, ya saki, ya sake fizga, kana kashe inji kuma garmar ta sauka ƙasa kafin ka sauko daga kujera. Duk wanda ya zo wucewa cewa yake famfo ya mutu, a sayo sabo. Wani dattijon makanike, wanda ya koyi aiki tun zamanin da gwamnati ke ba da hayar tarakta, ya ce kada a sayi ko kusa ɗaya sai ya gani da idonsa. Ya rage mai, ya kwance murfin gefe, ya sa aka tayar da inji aka ɗaga garma, ya haska tocila. Mai na zubowa daga sama kamar yayyafi. Ringin silindar ɗagawa ne ya cinye, robar bututun da ke kai mai sama ta tsage, rariyar famfo kuma ta toshe da laka. Tun da an riga an buɗe, ya sauke famfon ya canza masa bawul da ringi daga kunshin kayan gyara, ya wanke tumbin tas, ya zuba sabon mai. Da la'asar na kwana na biyu ya rataya garma a sama, ya kashe inji, ya ce mu je mu yi salla. Muka dawo garmar na nan inda ya bar ta. Damina shida ke nan, noti ɗaya ba a sake taɓawa a wurin ba, kuma abin da na kashe bai kai rabin kuɗin sabon famfo ba. Har yau in na ji hannun nan ya ɗaga ba gargada sai na yi wa dattijon nan addu'a.

Ka sa a yi maka irin wannan dubawar. In mai daga sama yake zubowa, silinda ce ko bututu. In daga ƙasa yake tafasowa kusa da famfo, bawul ɗin da ke sakin matsi ne. In babu ko ɗaya amma hannu na mutuwa da zafi, to a nan ne famfon kansa ya gaji, a yi masa kayan ciki ko a canza shi. Don Allah kada kowa ya cusa hannu cikin ramin nan inji na aiki.

Maganar tirela kuma, ƙaramin bawul ne na karkatar da mai ake ɗaurawa a saman murfin haidurolik, daidai kan bututun nan, a ja tiyo zuwa baya. Ka juya shi, mai ya tafi tirela. Ka mayar, ya koma hannu. Ba ya yin biyun a lokaci guda, kuma tifa za ta tashi a hankali. Buhunan shinkafa ba sa sauri, ni ban taɓa jin wannan ya dame ni ba. Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne silindar tirela daga man giyarka take sha, ka riƙa duba ma'auni. Tirelar aro kuma tana zuwa da ragowar man wani a cikinta, ta juye maka shi a tumbi.

Famfon waje, gaskiya yana da sauri, yana da tankinsa daban, kuma ba ya tsayawa in ka take kuloci har ƙasa. Ga mai loda yana da amfani. Iyakar yabon da zan yi masa ke nan. Nawa da na ɗaura wa 375, ƙarfen da aka yi masa walda bai zauna daidai da bakin inji ba, kafin damina ta ƙare ya cinye mahaɗi biyu, tankin kuma ya yi ƙarami, mai na zafi kamar na suya. Yana cikin sito yanzu.

Babban dalilin ma bai kai ga wannan ba. Famfon waje ba zai warkar da hannunka ba, domin hannun daga na ciki yake samun mai. Wasu makanikai sukan ja tiyo daga na wajen kai tsaye zuwa silinda, hannu ya tashi da gudu, mai tarakta ya yi murna. Amma a tsarin Ferguson, bawul ɗin da ke sarrafa hannu a bakin shan man famfon ciki yake. Ta hanyarsa ne in garma ta ci ƙasa mai tauri hannu yake ɗan ɗaga ta, ta fita ya mayar. Ka tsallake shi, ka rasa abin da ya sa Massey ta zama Massey: zurfin huɗa ba zai daidaita ba, taya na ta murzawa, gas na ƙonewa.

Ba ka tambaya ba, amma sai na faɗa, domin a wurin saye aka fi cutar mutane. Famfon nan iri-iri ne, akwai MK2 akwai MK3, akwai mai haƙori 10 akwai mai 21 a inda sanda ke shiga. Ka tafi da tsohon naka a buhu, ka ƙirga haƙoran da yatsanka, kada ka yarda da "ai duk ɗaya ne". Sparex da Bepco da AGCO sunaye ne na gaskiya masu kaya nagari, sai dai kwali kowa na iya bugawa, kuma 'yan jabu sunan da aka yarda da shi suke nema. Masana'antar Massey Ferguson da ke Coventry a Ingila ta daina ƙera tarakta tun 2002, da yawa daga cikin 375 da ke hannunmu kuma na kamfanin Millat ne da ke Lahore a Pakistan. Wanda ya rantse maka cewa nasa sabo ne dal daga Ingila, ga shi da araha, ka riƙe kuɗinka. Na taɓa sayen wanda aka ce ɗan Beljiyam ne, ashe matacce ne aka wanke da fetur aka goge. Akwai kuma masu ƙara wa bawul ɗin matsi tauri don raunin famfo ya ɓuya ranar gwaji, daga baya silinda ko murfi ya tsage a gonarka. Ku yi sharaɗi gaban shaida cewa in bai yi ba za ka mayar, kuma gwajin a yi shi bayan rabin awa ana haro, mai ya yi zafi. Famfon da ya mutu ma yana ɗagawa da sanyin safiya.

Mai kuma kada ka karɓi na durom da ba a san asalinsa ba, ko baƙin man da aka tace. Birkin 375 a cikin man nan yake wanka, shi da giya da famfo kwano ɗaya suke ci. Ka nemi wanda aka rubuta a jikin jarkarsa cewa na giya da haidurolik da birkin cikin mai ne.

A buɗe murfin gefen nan tukuna. Ka turo mana lambar jikin taraktar da abin da kuka gani a ciki, in gaya maka kayan da za ka nema.